Ƙoƙi-ƙoƙi: Halayenta da Matakan Rayuwarta, Tsakanin Tatsuniya da Zahiri

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san waɗannan miji da mata tun yana zaune a gaban kakarsa da dare. Manazarta adabin baka kuwa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Gizo, da wayonsa, da haɗamarsa, da tsamin bakinsa. Ita Ƙoƙi ba ta sami irin wannan kulawa ba, balle ƙwaron nan da ake danganta ta da shi, watau ƙoƙi-ƙoƙi. Sau da yawa na tambayi ɗalibai a aji ko sun taɓa ganin ƙoƙi-ƙoƙi, su ce sun gani. In na ƙara da tambayar abin da take ci, ko inda take ajiye ƙwanta, sai ajin ya yi tsit.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana halayen wannan ƙwaro da matakan rayuwarsa, daga ƙwai har zuwa mutuwa, sa'an nan a auna abin da aka gani da siffar da tatsuniya ta ba Ƙoƙi. Akwai ire-iren ƙoƙi-ƙoƙi fiye da 2,400 a duniya, saboda haka za mu tsaya a kan guda ɗaya, wadda masana suke kira Sphodromantis lineola. Babba ce, yawanci koriya, tana zaune a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, har da Afirka ta Yamma, kuma tana cikin waɗanda aka fi yin bincike a kansu. Inda bayani ya fito daga wani iri dabam, za a faɗa.

2.0 Sunanta

Abu na farko da ya kamata mai nazarin harshe ya lura da shi shi ne ƙirar sunan. A tatsuniya ana cewa Gizo da Ƙoƙi, amma in ana nufin halittun da muke gani da ido, sai a ninka kalmar a ce gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi. Ke nan harshen ya raba taurarin tatsuniya da ƙwarin zahiri ta hanyar ninki. Ninki dama ba baƙo ba ne a sunayen ƙananan halittu, domin ana jin ɓurɓushinsa a kalmomi kamar kyankyaso da zanzaro da shanshani. Dangane da jinsi kuwa, galibin sunayen da suka ƙare da wasalin "i" namiji ne, amma a nan za mu riƙa cewa "ita", saboda macen ce mafi girma, kuma a kanta yawancin bayanin zai kasance.

Bahaushe yakan kira gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi duka ƙwari, amma masana kimiyya ba su sa su a gida ɗaya ba. Gizo-gizo ƙafa takwas gare shi, danginsa su ne kunama da kaska. Ƙoƙi-ƙoƙi ƙafa shida gare ta, kuma ko da yake ta yi kama da fara a ido, danginta na kusa su ne kyankyaso da gara.

Wasu al'ummu sun sa mata suna ne daga yadda take tsayawa. Kalmar mantis da masana suke amfani da ita daga harshen Girka ta fito, ma'anarta mai duba ko mai faɗin abin da zai faru. A shekarar 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa wa irin da aka fi sani a Turai sunan da daga baya ya zama Mantis religiosa, domin yadda take ɗaga hannuwa kamar mai roƙon Allah. Sunanta a Ingilishi da Faransanci ma wannan ma'ana yake ɗauke da ita.

3.0 Ƙirar Jikinta

Macen Sphodromantis lineola takan kai kimanin santimita 8 a tsawo, namijin kuwa bai kai haka ba, kuma ya fi ta siranta. Jikin ya kasu uku: kai da ƙirji da ciki. Gaban ƙirjin dogo ne, shi ya sa ake ganin kamar tana da wuya. Kan nata mai kusurwa uku ne, tana kuma iya juya shi ta waiwaya baya ba tare da ta motsa jiki ba, abin da sauran ƙwari ba su cika iyawa ba. A kan kowane fiffike na sama akwai ɗan farin ɗigo. Mai son ya bambanta mace da namiji sai ya dubi ƙarƙashin ciki ya ƙirga gaɓoɓi: na mace shida ake gani, na namiji takwas.

Ƙafafu huɗu na baya su take tafiya da su. Biyun gaba kuwa, waɗanda za mu kira hannuwa, makamai ne. Kowane hannu yana da gaɓa mai kauri wadda aka jera wa ƙayoyi kamar haƙoran zarto, da wata gaɓar mai ƙugiya a baki wadda take ninkewa a kan ta farko, kamar yadda wanzami yake ninke askarsa. Duk abin da ya faɗa tsakanin gaɓoɓin nan biyu, da wuya ya kuɓuta.

Idanunta biyar ne. Akwai manya biyu a gefen kai, kowanne ya ƙunshi dubban ƙananan idanu, da ƙanana uku a tsakiyar goshi masu gane haske da duhu. Wanda ya ƙura mata ido zai ga wani baƙin ɗigo a cikin babban idon yana bin sa duk inda ya juya, har ya zaci kallonsa take yi. Wannan ɗigo ba ƙwayar ido ba ce. Ƙananan idanun da suke fuskantar mai kallo kai tsaye ne suke shanye haske, sai wurin ya yi baƙi.

4.0 Farauta

Ƙoƙi-ƙoƙi ba ta cin ganye ko hatsi. Nama take ci, kuma mai rai. Abincinta ya haɗa da ƙuda, da fara, da gyare, da malam-buɗe-littafi, da ƙudan zuma, har ma da gizo-gizo. Dabararta ita ce kwanton ɓauna. Takan sami reshe ko fure ta tsaya cik, hannuwa a naɗe, wani lokaci na sa'o'i, tana ɗan rangaji kamar ganyen da iska take kaɗawa. In ƙwaro ya gitta, sai ta juya kai ta bi shi da kallo har ya iso inda hannu zai kai. Cafkar da take yi ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Ba ta da dafi, saboda haka da ransa take soma cin abin da ta kama. In ta gama, sai ta bi hannuwanta da baki ta share, ta goge idanu da kai, kamar yadda kyanwa take yi.

Tambaya a nan ita ce, yaya take sanin abin ya iso inda hannu zai kai? A shekarar 1983 Samuel Rossel ya nuna cewa tana haɗa abin da idon dama da na hagu suka gani ta auna nisa, kamar yadda ɗan'adam yake yi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka tabbatar da wannan a kan ita Sphodromantis lineola. Sun manna mata ɗan ƙaramin tabarau da kakin zuma, ido ɗaya shuɗi ɗaya kore, suka nuna mata hoton ƙwaro a allon kwamfuta ta yadda kowane ido zai ga nasa. Duk sa'ad da aka shirya hoton ya zama kamar yana kusa, sai ta kai cafka, alhali allon bai matso ba.

Manyan ire-irenta ba su tsaya ga ƙwari ba, sukan kama ƙananan ƙadangaru da kwaɗi. A 2017 Martin Nyffeler da abokan aikinsa sun tattara rahotanni 147 daga ƙasashe 13 na ƙoƙi-ƙoƙi ta kama tsuntsu, mafi yawansu ƙananan tsuntsayen nan masu shan zumar fure na Amurka.

5.0 Kare Kai

Mai farauta ma ana farautarsa. Tsuntsaye, da ƙadangaru, da hawainiya, da jemagu duk suna cin ƙoƙi-ƙoƙi. Garkuwarta ta farko ita ce sajewa da wurin da take. A cikin iri ɗaya akan sami koriya, akan kuma sami mai ruwan ƙasa kamar busasshen kara. Ba ta sake launi nan take kamar hawainiya, sai dai launin yakan iya sauyawa a lokacin da ta yi saɓa, abin da za mu yi bayaninsa nan gaba.

In sajewa ba ta yi amfani ba, sai ta koma ga barazana. Takan miƙe tsaye, ta ware hannuwa, ta buɗe fukafukai, don ta zama kamar ta fi yadda take girma. Malcolm Edmunds, wanda ya koyar a Jami'ar Gana da ke Legon, ya bayyana waɗannan dabaru dalla-dalla a binciken da ya wallafa a 1972 da 1976 a kan ire-iren ƙoƙi-ƙoƙi na ƙasar Gana.

Akwai kuma garkuwar dare. A 1986 David Yager da Ronald Hoy suka gano cewa Mantis religiosa kunne ɗaya gare ta tak, kuma ba a kai yake ba, yana cikin wani tsagi a ƙarƙashin ƙirji, kusa da ƙafafun baya. Daga baya aka ga yawancin ire-iren haka suke. Kunnen yana jin siririyar ƙarar da jemage yake fitarwa don neman abinci a duhu, wadda kunnen mutum ba ya ji. Namijin da yake cikin tashi da dare, da zarar ya ji ta, sai ya karkace ya sulmiyo ƙasa.

6.0 Matakan Rayuwa

Ƙwari iri biyu ne wajen girma. Akwai masu bin matakai huɗu, kamar tsutsar tsamiya da masaƙanmu suka sani: ƙwai, sa'an nan tsutsa, sa'an nan kwanciya cikin gidan da ta saƙa, sa'an nan fita da fukafukai. Akwai kuma masu matakai uku, kamar fara: ƙwai, sa'an nan ɗa mai kama da uwarsa, sa'an nan babba. Ƙoƙi-ƙoƙi tana cikin kashi na biyu, ba ta yin tsutsa ko kaɗan.

6.1 Barbara

Macen da ta isa barbara takan fitar da wani ƙamshi da iska take ɗauka, namiji ya shaƙa daga nesa ya biyo. A 2004 aka fara tantance sinadarin irin wannan ƙamshi a cikin dangin ƙoƙi-ƙoƙi, kuma daga Sphodromantis lineola aka same shi. Namiji ya fi mace iya tashi, domin ita cikinta ya yi nauyi da ƙwai. Wannan ne ya sa waɗanda suke faɗowa wurin fitila da dare galibinsu maza ne.

In namiji ya hango mace, ba ya garaje. Yakan matso a hankali, yawanci ta baya, in ta juyo ya daskare, in ta kau da kai ya ƙara taku. Daga nan sai ya yi tsalle ya haye bayanta ya riƙe. Barbarar takan ɗauki sa'o'i.

A nan ne abin da ya fi sa ta yin suna a duniya yake faruwa: wani lokaci macen takan juyo ta kama namijin ta cinye shi, ta kuma fara daga kai. Abin mamaki shi ne, rashin kan ba ya tsayar da barbarar. Kenneth Roeder ya bayyana dalili a 1935. Jijiyoyin da suke tafiyar da barbara a ciki suke, wani kulli na jijiya da yake cikin kai kuwa aikinsa shi ne ya riƙe musu linzami. In aka cire kan, linzami ya saki.

An daɗe ana ɗauka cewa kowace barbara haka take ƙarewa, musamman saboda rubuce-rubucen Bafaranshen nan Jean-Henri Fabre na ƙarshen ƙarni na 19. Amma gani ya kori ji. A shekarun 1980 Eckehard Liske da Jackson Davis sun ɗauki hoton barbarar wani iri na ƙasar Sin ba tare da sun dame su ba, suka ga cewa macen da ta ƙoshi ba ta cika taɓa namiji ba. A 1992 kuma S. E. Lawrence ta bi Mantis religiosa a daji a ƙasar Fotugal, ta ga an ci namiji a kashi 31 cikin ɗari na barbarar da ta shaida. Ke nan abin yana faruwa, amma mafi yawan maza suna tsira, kuma yunwa ce babban dalili. Bugu da ƙari, a 2016 William Brown da Katherine Barry sun nuna cewa macen da ta ci namiji ta fi yawan ƙwai, kuma sinadaran jikinsa suna shiga cikin ƙwan. Watau uban yakan zama abincin 'ya'yansa tun ba a ƙyanƙyashe su ba.

6.2 Gidan Ƙwai

Bayan 'yan kwanaki ko makonni, sai macen ta nemi reshe, ko kara, ko jikin bango. Takan fitar da wani ruwa daga ƙarshen cikinta, ta kaɗa shi ya yi kumfa, tana jera ƙwai sahu-sahu a ciki. Kafin wani lokaci kumfar ta bushe ta yi tauri, ta zama wani ƙullutu mai ruwan ƙasa, mara nauyi, kamar soso. Da yawa daga cikinmu mun sha ganinsa a jikin danga ko zana ba mu san ko mene ne ba. Gida ɗaya yakan ɗauki ƙwai ɗari ko fiye, kuma mace ɗaya takan yi gidaje da dama kafin ta mutu. Wannan ɗabi'a ta zuba ƙwai cikin kunshi tana daga cikin shaidun dangantakarta da kyankyaso.

Kumfar tana kare ƙwan daga zafin rana da bushewa, amma ba ta kare shi daga kowane maƙiyi. Akwai wasu ƙananan ƙwari dangin zanzaro, masu suna Podagrion, waɗanda macensu take da dogon tsinke a baya. Da shi take huda gidan ta saka nata ƙwan, tsutsotsinta su cinye na ƙoƙi-ƙoƙi. Sphodromantis lineola da ta gama gini sai ta yi tafiyarta. Amma a cikin dangin Tarachodes na Afirka, masu zama a jikin ɓawon itace, akwai waɗanda macen take kwanciya a kan ƙwanta tana gadi har a ƙyanƙyashe.

6.3 Ƙyanƙyasa da Saɓa

In akwai ɗumi da laima, ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kimanin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi. 'Ya'yan sukan fito kusan lokaci guda, suna reto a jikin siraran zare, sa'an nan su yar da rigar farko su watse. Kowanne bai fi cinnaka girma sosai ba, amma da hannuwansa da kansa mai kusurwa uku, fukafukai kawai ya rasa. Edmunds ya lura cewa a wasu ire-iren, jariran suna kama da tururuwa a launi da tafiya, abin da yake sa masu cin ƙwari su ƙyale su. Watsewar da suke yi dole ce, domin in suka zauna wuri ɗaya ba abinci, junansu za su ci. Kaɗan ne daga cikinsu suke kai wa ga girma.

Fatar ƙwaro tauri gare ta, ba ta miƙewa. Saboda haka duk sa'ad da jiki ya cika ta, sai a tuɓe ta a yi sabuwa. Hausa tana da kalmar wannan tun tuni, ita ce saɓa, wadda muka fi sani ga maciji. Ƙoƙi-ƙoƙi takan daina cin abinci kwana ɗaya ko biyu, ta rataye kanta a reshe kai ƙasa, fatar ta tsage ta baya, ta zare jikinta a hankali. A wannan lokaci jikin laushi gare shi, in ta faɗo ko aka taɓa ta, takan nakasa ko ta mutu. Idan ta rasa ƙafa tana ƙarama, wata takan tsiro a saɓa ta gaba. Takan yi saɓa kamar sau bakwai zuwa tara cikin 'yan watanni, mace ta fi namiji da ɗaya galibi. A ta ƙarshe ne fukafukai suke fitowa, daga nan kuma ba sauran girma.

6.4 Ƙarshen Rayuwa

Bayan saɓar ƙarshe da mako biyu zuwa uku, sai ta isa barbara, zagayen ya koma farko. Namiji yakan riga mace mutuwa ko da ba a ci shi ba. Rayuwar duka, daga ƙyanƙyasa zuwa mutuwa, ba ta cika wuce shekara guda ba. A ƙasashe masu tsananin sanyi manyan duk sukan mutu da shigowar hunturu, ƙwai kaɗai yake kai wa bazara. A wurarenmu an fi ganin manyan da damina da kaka, lokacin da ƙwari suka yawaita.

7.0 Komawa ga Tatsuniya

To, me za mu ce game da matar Gizo? A tatsuniyoyin da aka tattara, tun daga na Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa na Ibrahim Yaro Yahaya na farkon shekarun 1970, Gizo ne mai fita ya ƙulla tsiya, Ƙoƙi kuwa tana gida, ita ce mai dafa abin da ya samo, mai jure halinsa. In muka auna wannan da abin da ya gabata, za mu ga inda aka dace da inda aka saɓa. Natsuwa da haƙuri dai akwai su ga ƙoƙi-ƙoƙi, duk wanda ya gan ta tsaye hannu a naɗe zai shaida. Sai dai haƙurin maharbi ne. Wajen ƙarfi kuwa an juya al'amarin, domin a daji mace ce babba, namiji ne mai taka-tsantsan, kuma gizo-gizon da ya yi sake a gabanta abinci ne.

Wannan ba aibi ba ne ga tatsuniya, domin ba don koyar da ilmin ƙwari aka shirya ta ba. Mai tatsuniya ya ari sunan ƙwaron da siffarsa, ya ɗora musu halin da al'umma take so ta gani ga matar aure. Abin da zai ƙara tabbatar da haka shi ne, mutanen San na kudancin Afirka, waɗanda Wilhelm Bleek da Lucy Lloyd suka rubuta labaransu a shekarun 1870, sun ba wannan ƙwaro matsayin da muka ba Gizo. A wurinsu Kaggen, wanda ake danganta shi da ƙoƙi-ƙoƙi, namiji ne, mai wayo da rikiɗa. Halitta ɗaya ce, kowace al'umma ta karanta ta da idon al'adarta. Saboda haka manazarcin da bai san ƙwaron ba, ba zai iya rarrabe abin da Bahaushe ya gani da abin da ya ƙirƙira ba.

8.0 Kammalawa

An bi ƙoƙi-ƙoƙi daga gidan ƙwai zuwa mutuwa, an kuma ga cewa in aka cire sunayen kimiyya, kalmomin gida sun wadatar: kwanton ɓauna, da barbara, da ƙyanƙyasa, da saɓa. Wannan abin lura ne ga masu shakkar ko za a iya koyar da kimiyya da Hausa. Malamin firamare ba ya bukatar kayan aiki masu tsada a nan. Ya isa ya yanko karan da gidan ƙwai yake jiki, ya sa a kwalba ya rufe da ƙyalle, yara su jira ƙyanƙyasa, sa'an nan a sake 'ya'yan a lambu.

Ya kamata kuma a sanar da yara da manoma cewa ba ta da dafi, ba ta kuma ɓarnar amfanin gona. Gaskiya ne ba ta zaɓe, tana cin ƙwaro mai ɓarna da mai amfani, amma feshin magani barkatai da ƙonan daji suna hallaka ta tare da ƙwanta. Aikin da ya rage wa ɗalibanmu na manyan digiri shi ne su shiga ƙauyuka su tattaro sunayen da ake kiran ta da su a karin harshen Sakkwato da Katsina da Damagaram da sauransu, tare da camfe-camfe da wasannin yara da suka shafe ta, tun tsofaffin da suka san su suna raye.